Na gama digiri na uku, amma aikin ya fita raina

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina koyarwa a wata jami'a a nan Sakkwato. Shekara biyu ke nan da kammala digirina na uku. Bincikena a kan ruɓewar albasa ne, wato cututtukan da ke cinye ta a cikin rudu, inda ake ajiye ta, kafin ta kai kasuwa. Da ciki da goyo na yi karatun, abin da ya riƙe ni kawai shi ne tunanin in na gama zan samu sararin yin aikin da nake so. Yau ana ce mani Dakta, amma wallahi da safe in na tuna zan fita aiki sai gabana ya faɗi.

Tare muka gama da wani abokin aikina, sashenmu ɗaya, matakinmu ɗaya. Shi ya fitar da maƙaloli, ya je taro, an sa sunansa cikin wani bincike mai tallafi, kullum fuskarsa a sake. Ni kuwa an ɗora mani kula da 'yan ajin farko, da haɗa sakamakon jarrabawa, da kwamitin walwala. Duk ɗalibar da ta shiga matsala ofishina ake turo ta, in an yi baƙi ni ce mai kula da abinci. Tun da na gama ban rubuta ko shafi ɗaya ba. Maganar tallafin nan ma a majalisa aka ƙulla ta bayan isha'i, sai da aka tura takardu na samu labari.

Maigidana mutumin kirki ne, shi ya tsaya mani har na gama. Amma da na yi masa kuka sai ya ce, "To mi kika biɗa kuma? Ga aiki, ga albashi, ga suna." Innata ta ce in gode wa Allah, mata nawa suka kai inda na kai. Yanzu wata ƙungiyar agaji ta yi mani tayin aiki, kwantiragin shekara biyu, albashin ya ninka nawa, sai dai akwai yawan fita ƙauyuka. Maigida bai hana ba, amma na ga bai so. Hajiya, butulci nake yi? Ko dama aikin jami'a na maza ne, ni ce na kutsa kai? In ajiye in kama wancan?

Ƙanwarki, daga Sakkwato

Wa alaikumus salam, Dakta. Barka da arziki tukuna, domin na lura a duk wasiƙarki ba inda kika tsaya kika yaba wa kanki. Allah ya sa albarka a karatun nan.

Ba butulci kike yi ba. Mai butulci raina abin da aka ba shi yake yi, ke kuwa kukanki shi ne an ba ki ilimi an hana ki lokacin yin aiki da shi. Maganar Inna gaskiya ce a inda ta tsaya. Ta taso a zamanin da 'yan matan da suka wuce firamare a unguwa ana iya ƙirga su da yatsu, saboda haka in ta dube ki ba ta ganin komai sai addu'arta da aka karɓa. Kada ki ja da ita, kada kuma ki yi ta kai mata wannan ƙarar, ba ta da maganinta, sai dai ki hana ta barci. Ki ce mata amin, ki roƙi addu'a. Godiya ga Allah ba ta hana mutum cewa an yi masa rabon da bai dace ba a wurin aiki.

Akwai abin da masana suka daɗe suna mamakinsa, kuma ya shafe ki kai tsaye. In aka tambayi ma'aikata ko suna jin daɗin aikinsu, sau da yawa mata kan fi maza cewa eh, alhali albashinsu ya fi ƙanƙanta, ƙarin girmansu ya fi jinkiri. A 1997 wani masanin tattalin arziki, Andrew Clark, ya bi bayanan dubban ma'aikata a Birtaniya don ya gano dalili. Abin da ya fito masa shi ne matan ba su sa ran samun da yawa tun farko, don haka ɗan abin da suka samu sai ya gamsar da su. Hujjarsa kuwa, wannan bambancin yana ɓacewa in aka zo kan mata masu ƙuruciya, da masu zurfin karatu, da waɗanda ke aiki a inda maza suka fi yawa. Ke kin haɗa duka ukun. Daga baya, a 2006, Keith Bender da John Heywood suka duba masu digiri na uku a fannonin kimiyya a Amurka, suka tarar matan da ke cikin jami'a ba su kai maza gamsuwa da aikinsu ba, amma matan da ke aiki a wajen jami'a sun fi mazan wurinsu gamsuwa. Can wata ƙasa ce, tsarinsu daban da namu, amma na san kin gane hoton. Inna tana auna ki da matan unguwa, ke kina auna kanki da wanda kuka zauna gaban masu jarrabawa a shekara ɗaya. Ma'auninki ne daidai, domin da shi za a auna ki ranar ƙarin girma.

To amma kafin mu ɗora wa zamanki mace komai, mu ware kayan. Wani ɓacin ran na kowa ne. Albashin da ke ƙarewa kafin wata ya raba, kuɗin mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ɗakin gwaji ba wuta ba sinadarai, aji cike da ɗalibai cikin zafin Afrilu, ga tabon yajin aikin 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ya sami maza ya sami mata, kuma ba ke za ki gyara shi ba. Abokin aikin naki ma yana cikinsa tsundum. Sakin fuskar da kike gani bai nuna maki abin da ke aljihunsa ba, wataƙila banda gidansa akwai na mahaifiya da na ƙanne duk a wuyansa, kuma an koya masa tun yana yaro cewa namiji ba ya kuka a bainar jama'a. Abin da ya fi ki da shi sa'o'i ne. In ya tashi aiki ya tashi ke nan, akwai wadda ta dafa, ta yi wa yara wanka, ta duba aikin gida na makaranta. Ke in kin tashi daga ofis sabon aiki kike kamawa. Wannan ba laifinsa ba ne, kuma ba na son ki mayar da shi abokin gaba, zan dawo kansa.

Abin da na fi lura da shi a wasiƙarki shi ne abin da ba ki yi kuka da shi ba. Ba ki ce albasar ta gundure ki ba. Ba ki ce tsayawa gaban aji ya ishe ki ba. Kin ambaci rudu kamar mai kewar wani nata. Duk abin da kika lissafa na ɓacin rai, aikin da ba shi kika yi wa karatu ba ne. Saboda haka tambayarki ta ko aikin jami'a na maza ne, amsata a'a. Aikin jami'ar ne ba ki samu kin fara ba.

Irin ayyukan da aka tara maki suna da hali guda: dole a yi su, kowa yana amfana, amma wanda ya yi ba ya samun komai a takardar ƙarin girma, ko ya samu ɗan kaɗan. A 2017 Linda Babcock da abokan aikinta suka wallafa wani bincike a kan wannan. Sun haɗa mutane ƙungiya-ƙungiya, aka kawo aikin da kowa ke son a yi amma ba mai son ya zama shi ne zai yi. In maza da mata suna haɗe, mata suka fi miƙa kai, su aka fi roƙo, kuma su suka fi amsawa. Da aka ware maza zalla, sai ga shi mazan suna miƙa kai kamar yadda mata ke yi. Ashe ba halitta ba ce, kowa dai ya san wa za ta gaji da shirun ta ce to ni zan yi. Ki tuna zaman sashenku na ƙarshe. Shugaba ya ce ana buƙatar wanda zai kula da masaukin mai jarrabawa na waje da abincinsa. Wannan ya duƙufa kan wayarsa, wancan ya shiga juya takarda, wani ya ce ai Dakta ta fi mu iya wannan, aka yi dariya, magatakarda ya rubuta sunanki kafin ki buɗe baki. Ko ba haka aka yi ba, na san bai yi nisa da haka ba.

Shugaban sashenku kuma kada ki ɗauka ƙiyayya ce. Shi ma a matse yake, daga sama ana tambayarsa sakamako, yana neman wanda in ya ba shi aiki zai yi barci da ido biyu rufe. Ya gwada ki ya ga ba ki kuskure, ba ki gardama. Rijiyar bakin hanya ita ake yi wa yawan ɗiba. Mai yiwuwa ma a ransa yabonki yake yi, bai taɓa zama ya tara abin da ke kanki wuri ɗaya ya gani ba. Aikinki na farko shi ne ki tara masa.

Ki nemi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku, a ofishin rajistara ko wurin wani babba a sashen, ki karanta shi da biro a hannu. A yawancin jami'o'inmu shekara uku ake yi tsakanin mataki da mataki, kuma shekarun kaɗai ba su isa ba sai da adadin maƙalolin da aka gindaya. In aka kai matakin da ke ƙasa da farfesa da na farfesa, waje ake aika rubuce-rubucen mutum, ga masanan da ba su san fuskarki ba, ba su ci tuwon da kika shirya wa baƙi ba. Ki ga maki nawa ake ba bincike, nawa koyarwa, nawa hidimar sashe. Sannan ki ɗauki 'yan makonni kina rubuta inda lokacinki ke tafiya, aiki da sa'o'insa, a ƙaramin littafi. Ba don ki kai ƙarar kowa ba, don in kin zauna da shugaba ki kasance da abin nunawa maimakon hawaye.

Ki same shi a ofis shi kaɗai, ba a taro ba, kuma ba lokacin jarrabawa ba. Ki fara da godiya kan amanar da yake ba ki, ki ajiye masa takardar, ki ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke hannuna, ga kuma abin da ake nema gare ni kafin ƙarin girma na gaba. Ka taimake ni da shawara, wanne zan riƙe, wanne za a karɓa mani a zango mai zuwa?" Babba in aka nemi shawararsa ya fi sakin hannu da in aka kawo masa ƙorafi. In ya bar maki zaɓi, ki riƙe guda ɗaya mai nauyi wanda ake bayarwa da takardar naɗi, kamar kula da aji ko aikin jarrabawa, domin shi yana shiga fayil, ki tabbata kuma takardar ta shiga. Kwamitin walwala da abincin baƙi ki roƙa a mayar da su karɓa-karɓa, a rubuta jerin sunaye, maza da mata. Namijin da ya iya shirya walimar sunan ɗansa ya iya kiran mai abinci a waya. In kuma aka sake yin shirun nan a taro, ki daure ki yi shiru ke ma. Zai yi maki nauyi a karon farko kamar kin yi rashin kunya. Ba ki yi ba.

Maganar ɗalibai mata ta fi wuya, ba zan ce ki rufe masu ƙofa ba. Yarinyar da ta zo daga Tangaza ko Yabo, ba ta taɓa kwana a wajen gidansu ba, in abu ya same ta wurin mace za ta iya buɗe baki, kuma wataƙila ke kaɗai ce macen da ke sashen. Akwai lada a nan, akwai kuma daɗi, na tabbata wasu ranakun su ne ke sa ki ji kin yi abin kirki. Amma ki sa masa iyaka. Ki liƙa takarda a ƙofa: ganin ɗalibai rana kaza da rana kaza, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Abin da ya shafi kuɗin makaranta ko masauki ki tura ofishin kula da harkokin ɗalibai. Wanda ya shafi cin zarafi kuwa kada ki riƙe shi a ofishinki ki kaɗai da sunan rufin asiri, ki raka yarinyar inda hukuma ta tanada, don kare ta da kare kanki.

Sai majalisa. Wannan ita ce ta fi ci maki rai, na sani, kuma da gaskiyarki. A garin nan abubuwa da yawa a kan tabarma ake yanke su, tsakanin magariba da isha'i ko bayanta, ana shan shayi. Galibi ba da niyyar ware kowa ba ne, wanda ke zaune shi ake tunawa da shi. Ba za ki je ki zauna ba, ni ma ba zan ce ki je ba. Abin yi shi ne ki buɗe wa labari wata hanya da rana. Nan abokin aikin naki zai yi amfani. Ki taya shi murna da zuciya ɗaya, ki ce masa, "Malam, in an sake jin irin wannan a tuna da ni, ga abin da zan iya kawowa." Ki kawo masa tayin maƙala ɗaya da za ku rubuta tare, a ofis, ƙofa buɗe, maigida ya sani. A taron sashe ki ba da shawarar duk sanarwar tallafi ko taro a riƙa sa ta a zauren WhatsApp na sashen, ba wanda zai iya ƙin wannan a fili. Ki je da ƙafarki ofishin da ke kula da harkokin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, a jami'arku ki gabatar da kanki. Asusun yana da tallafin ƙananan bincike da ake nema ta cikin makaranta, yana da na halartar taro, akwai kuma babban tallafin bincike na ƙasa da ake nema a ƙungiyance. Ki tambayi lokacin da ake buɗewa, ki bar lambarki. Sannan ki nemi wata babbar malama, ko ba a tsangayarku take ba, wadda ta haye wannan tudun da yara a hannu. Ki kai mata gaisuwa har gida. Irin waɗannan matan sun san ƙofofin da ba a rubuta a kundi ba, kuma da yawansu suna jiran a tambaye su ne.

Rubutu kuma, Dakta, ba daga farko za ki fara ba. Kundin digirinki yana nan a kan kanta, kuma da wuya a rasa maƙala biyu ko uku a cikinsa. Ki zaɓi babin da kika fi alfahari da shi. Ki ware safiya biyu a mako da ba ki da aji, ki ɓace daga sashen, ki tafi ɗakin karatu, ki kashe waya. In kika zauna a ofis za a ƙwanƙwasa. Ki yi hattara da mujallun nan na biya-a-buga da ke aiko saƙo suna alkawarin fitarwa cikin mako biyu, suna cin kuɗi, kuma masu tantancewa na iya watsar da su ranar da kike buƙatarsu. Ga shi Allah ya ba ki fannin da kayan aikinsa ke bakin ƙofa. Daga Kware zuwa Wurno, zuwa Gada, har Aliero ta jihar Kebbi, manomi yana cire albasa da rani lokacin da take arha, ya zuba a rudu yana jiran ta yi tsada, ya buɗe bayan watanni ya tarar wani kaso ya tafi. Wadda ta san dalilin wannan asarar ba za ta rasa mai sauraronta ba. A waje ma akwai masu neman irinki: shirin AWARD da ke Nairobi na matan Afirka masu binciken noma ne, akwai tallafin L'Oréal da UNESCO ga matasan mata masu kimiyya a Afirka kudu da Sahara, akwai kuma na gidauniyar Humboldt ta Jamus mai sunan Georg Forster, wanda har kuɗin iyali yana da shi. Abin da kika wallafa zai yi maki amfani wajen nemansu.

Yanzu maigida. Tambayar da ya yi maki ta yi zafi, amma ki ɗauke ta a matsayin tambaya ta gaske ki ba shi amsa. Ki duba ta gefensa: shekaru ya yi yana haƙuri, yana jin surutun dangi, wataƙila yana cin abincin da ba ke kika dafa ba, yana gaya wa kansa in ta gama za a huta. Kin gama, sai ga ki cikin damuwa fiye da da. In kika ce masa ba ki jin daɗi, abin da kunnensa ke ji shi ne duk wahalarsa ta tashi a banza. Saboda haka ki fara da cire masa wannan. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara sun kwanta, ki ce, "Abban yara, abin da ka tsaya mani a kai ban raina shi ba, tsorona kada ya lalace a hannuna." Sannan ki roƙi abu ƙayyadadde, domin maza da yawa ba su san abin da za su yi da kuka ba amma sun san abin da za su yi da buƙata. Ya ɗauki kai yara makaranta a safiyoyin nan biyu. Ko a samo mai taimako a gida, ko da ta wuni ce, a biya daga albashinki. Ko Asabar ɗaya a wata yara su wuni gidan Inna. A Sakkwato ba sai an yi dogon wa'azi kan karatun mata ba, Shehu da kansa ya yi tir a littafinsa Nurul Albab da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma kowa ya san aikin Nana Asma'u da 'Yan Taru. Sai dai mun iya ambaton sunanta a wurin taro, mu koma gida mu bar wa jikokinta wanke-wanke da sakamakon jarrabawa a dare ɗaya. Wannan tsakanina da ke ne, kada ki kai masa shi a matsayin gori.

Tayin ƙungiyar nan ba abin rainawa ba ne, kuma sha'awarsa ba wauta ba ce. Kin ji abin da binciken Amurka ya nuna game da matan da ke aiki a wajen jami'a. Aiki mai lokacin tashi, mai albashin da ke isa, wanda ake ganin sakamakonsa a idon mutane, yana iya kwantar da rai. Amma ga abubuwan da nake so ki bincika kafin ki ce uffan. In da tallafin TETFund ko hutun karatu mai albashi kika yi digirin, kusan tabbas kin sa hannu a yarjejeniyar yi wa jami'a aiki na wasu shekaru, in kika fita kafin su cika za a iya neman ki mayar da kuɗi. Ki ciro takardar ki karanta. Ki tambayi ƙungiyar daga ina kuɗin aikin ke fitowa, kuma har yaushe aka tabbatar da su. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji, USAID, ma'aikatan ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan sun wayi gari ba aiki alhali kwantiraginsu bai ƙare ba. Ki tambayi ƙananan hukumomin da za a riƙa tura ki da sunayensu. Fita Bodinga ko Shagari daban, hanyar Isa da Sabon Birni daban, kuma rashin son maigida wataƙila a nan ya tsaya, ba a kishin albashinki ba. Ki tambaye su tsarinsu na hutun haihuwa da na fansho a rubuce. Sannan ki tambayi wadda ke irin aikin yadda makonta ke tafiya. In rabinsa cike fom ne da rubuta rahoto ga masu ba da kuɗi, to kin gudu daga haɗa sakamako kin faɗa wani haɗa sakamakon, sai dai da kuɗi mai kauri.

Tsakanin ajiyewa da zama akwai hanyoyi. Jami'o'i suna ba da hutu ba albashi na wani lokaci in an nema ta hanyar da ta dace, ki tambayi rajistara sharuɗɗan naku, domin da shi za ki iya ɗanɗana wancan aikin kujerarki tana nan. Ko ki ce wa ƙungiyar ba za ki iya zama ma'aikaciyarsu ba amma za ki iya yi masu aikin ƙwararru na 'yan makonni lokacin hutun zango, da izinin jami'a. Sau da yawa wannan ya fi riba ga mai digiri irin naki, kuma abin da kika gano a fili yana iya zama maƙala in sun yarda.

In ra'ayina kike so, kada ki rubuta takardar ajiye aiki a wannan shekarar. Kujerar koyarwa a jami'a wuyar samu gare ta, wadda ta fita da yara uku ba kasafai take samun hanyar komawa ba. Kuma ba ki gwada aikin a yanayin da ya kamata ba tukuna, don haka ba ki san ko kina son sa ba. Ki ba shi shekarar karatu ɗaya da sharuɗɗan da ke hannunki: an rage maki kaya, kin tura maƙala biyu, kin nemi tallafi ɗaya ko an ba ki ko ba a ba ki ba. In kin yi wannan duka kuma har yanzu gabanki na faɗuwa, ko shugaba ya ƙi sauraronki sam, to ki tafi da hujja, ba wanda zai ce gudu kika yi, kuma maƙalolin za su bi ki duk inda kika nufa. Abu ɗaya ne zai sa in sauya wannan shawara: in akwai matsin kuɗi a gidan da ba ki faɗa mani ba, bashi ko jinya. In haka ne, ku zauna da maigida da alƙalami ku yi lissafi, ki nemi hutun nan na ba albashi, ki yi istihara, ki kama.

Faɗuwar gaban nan ta safiya kuma ban wuce ta ba. Mutane da yawa in suka sauke babban karatu sukan ji wani irin fanko, abin da suka yi shekaru suna kora ya ƙare, jiki kuma sai lokacin yake kawo kukansa. Ki je a duba jininki da hawansa. In kuma abin ya haɗa da rashin barci, ko rashin son abinci, ko kuka ba dalili, ko kin daina jin daɗin abin da da kike so, har ya wuce mako biyu a jere, ki ga likita ki faɗa masa yadda kika faɗa mani. Akwai masu wannan fannin a asibitin koyarwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kuma ba sai wanda ya fita hayyacinsa ke zuwa ba.

Su ƙungiyar, ki rubuta masu gobe ki gode, ki nemi su turo maki cikakken kwantiragin su ba ki mako biyu ki duba. Cikin mako biyun ki ciro yarjejeniyar karatunki, ki samo kundin ƙarin girma, ki yi magana da maigida. In kin ga shugaban sashen ki sake rubuto mani, ina son jin wanda aka ba abincin baƙi. Ki gaishe da Inna da yara.